Kwaɗon Ɗakin Nakiya

Ranar Litinin ɗin da Ummusalma ta cika wata huɗu a kamfanin fasa dutse, tun daga bakin titi ta san ba lafiya ba, domin injin niƙa bai tashi ba. Kullum in ta sauko daga bas ƙarfe bakwai da rabi, ƙararsa ce ke fara tarbar ta. Yau sai kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa daga ganyaye, don an kwana ana yayyafi, bai ɗauke ba sai gab da asuba.

Ɗaliba ce a ajin huɗu, tana karatun injiniyan gine-gine a jami'a a Bauchi. Horon sanin makamar aiki na wata shida, wanda ɗalibai ke kira Ai-Ti, shi ya dawo da ita Jos, gidansu a unguwar Ali Kazaure. A wannan kamfanin da ke gefen gari ita kaɗai ce mace mai saka hular kwano a kan hijabi.

Ta tarar da ma'aikata sun taru a gindin tsauni, gaban ɗan ginin kankare mai jar ƙofa inda ake ajiye nakiyar fasa dutse. Ƙofar a buɗe take. Kwaɗon yana yashe a ƙasa, an yanke masa wuya. Da suka hango ta sai surutun ya mutu. Wasu da take gaisawa da su kullum suka kau da kai.

Oga Ignatius, injiniyan da ke kula da wurin, ya yafito ta. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya raba mace da namiji.

"Ummusalma, ka zo nan. An shiga ɗakin nakiya. Sandar nakiya takwas babu, ditoneta huɗu babu."

Ditoneta su ne ƙananan kawunan da ake tayar da nakiyar da su. Shekara biyu ba su cika ba da rikicin Satumban 2001, har yanzu akwai gidajen da ba a mayar wa rufi ba a cikin gari. A Jos ta wannan lokacin, tayar mota ma in ta fashe sai an rufe shaguna.

"Wa ya shiga?" ta tambaya.

Gyang direban tifa ne ya amsa, ba tare da ya dube ta ba. "A tambayi maigadi. Sawun silifansa ne ga shi nan tun daga bakin ƙofa har shinge. Sannan a tambayi masu zana ɗakin nakiya a littafi."

Littafin rahotonta yake nufi, wanda jami'a ta ba ta don ta riƙa rubuta abin da ta koya. A mako na uku ta zana ginin, da kaurin bangonsa, da tazararsa daga ofis. Oga Ignatius da kansa ya sa hannu a shafin, ya ce zanen ya yi kyau.

Kafin ƙarfe tara labari ya kai ƙauyen da ke bayan tsauni. Matasa suka fara taruwa a bakin get, wasu da sanduna. Oga Ignatius ya shigar da maigadin, Malam Shu'aibu, cikin ofis ya kulle, ya kira 'yan sanda. Suka ce suna tafe da azahar tare da masu kula da abubuwan fashewa.

*

Dagacin ƙauyen ne ya aiko da Baba Pwajok. Tsoho ne siriri mai farin gemu, da tsohuwar kwat ta soja da sandar gora. A zamanin haƙar kuza shi yake bin sawun ɓarayin ma'adini, da aka rufe ramuka ya koma bin sawun shanun sata. Matasan suka buɗe masa hanya suna murna, don sun ɗauka ya zo ne ya nuna musu abin da suka riga suka yanke.

Bai gaisa da kowa ba sai da ya ja layi da sandarsa a ƙasa, ya ce kada wanda ya tsallake. Sannan ya dubi ƙafafun mutane ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Ummusalma.

"Ke ce mai zanen?"

"Ni ce, Baba."

"To zo ki riƙe mini ido. Nawa sun fara gajiya. Kuma ke ce kike da dalilin dubawa da kyau."

Ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe. Ya leƙa cikin ɗakin, ya shafa simintin ƙasa da tafin hannu, ya duba hannun.

"Me kika gani a ciki, 'yata?"

"Ba komai, Baba. Kwalaye ne a jere."

"A waje fa?"

"Taɓo."

"Mutum ya taka taɓon nan da silifa, ya shiga ɗaki, ya fito, bai bar ko ɗigo ba?" Ya girgiza kai. "Sawun nan daga bakin ƙofa ya fara. Bai shiga ciki ba."

Suka bi sawun. Ya ratsa bayan tarin tsakuwa, ya bi ta wata ɓaraka a shingen waya, ya gangara wajen rafi. Baba Pwajok yana tafe a gefe, ba ya taka ko ɗaya. Ya nuna mata yadda bakin kowane sawu yake a tsaye, ruwa bai zubar da shi ba, wato bayan ɗaukewar ruwa aka yi shi. Ya nuna mata inda diddige ya zarce bayan silifa ya taɓa ƙasa.

"Ƙafar ta fi takalmin girma. Kuma dubi ta dama. Kowane taku sai ta ja ƙasa, kamar silifar tana son suɓuce masa. Ta hagu ba ta yin haka."

A bakin rafi sawun ya ƙare. Tsohon ya sa sanda cikin ciyawa ya ɗago silifa shuɗiya, sannan ɗayar. Ummusalma ta gane su. Na Malam Shu'aibu ne, waɗanda yake ajiyewa a gindin famfo don alwala. Daga nan sai falalen dutse, wurin da ƙafa ba ta barin alama, ya miƙe har bayan wokshop, ɗakin gyaran kayan aikin kamfanin.

"Ɓarawon da ya gudu ba ya komawa inda ya fito," in ji Baba Pwajok. "Amma wannan bai isa in faɗa wa yaran can ba. Za su ce ya jefar da silifa ne don ya yi sauri."

*

Malam Shu'aibu yana zaune a ƙasan ofis, ya haɗa gwiwa. Shekararsa goma sha ɗaya yana gadin wurin, kakansa ma haƙar kuza ce ta kawo shi Jos.

"Malam, ka bar get daren jiya?" Baba Pwajok ya tambaya.

"Da asuba, kamar kullum. Masallacin bakin titi. Minti arba'in in sun yi yawa."

"Wa ya san kana zuwa?"

"Wa bai sani ba? Oga ne ya ba ni izini tun shekarar da na fara."

"Da wane takalmi ka je?"

Ya miƙo ƙafa, ya nuna takalmin roba na ruwa. Ƙafar ƙarama ce, yatsu a cike. Ya dubi Ummusalma. "Ummi, in abin nan ya lalace, ki je unguwar Abattoir ki gaya wa ɗana kada ya zo nan. Ko me ya ji, kada ya zo."

Ta ce to.

Sai Gyang. Wani lebura ya raɗa wa tsohon cewa ranar Asabar da yamma an ga tifarsa ta fita da wani abu a lulluɓe da tamfol. Gyang ya yi ta kame-kame, gumi yana keto masa, har Ummusalma ta fara jin sanyi a ranta cewa an kama mai laifi. Da Oga Ignatius ya daka masa tsawa sai ya faɗi gaskiya: buhunan dankalin surukarsa ne ya kai kasuwa da motar kamfani. Mutum uku suka shaida, don su suka taya shi lodi. Aka bar shi da kunyarsa.

Cletus suka samu a ƙarƙashin rumfar injin ba da iska, yana zaune a kan durom. Shi ne mai harba nakiya, shekara ashirin da bakwai yana aikin da lasisin gwamnati. Duk kamfanin ba wanda ya koya wa Ummusalma aiki kamarsa. Shi ya fara kiran ta Injiniya tun ranar farko, shi ya hana leburori yi mata dariya ranar da ƙarar harbi ta sa ta zube ƙasa.

"Makullin ɗakin nawa ne?" in ji Baba Pwajok.

"Biyu, Baba. Ɗaya wajena, ɗaya wajen Oga." Ya zaro nasa daga wuya, a jikin igiya. "Amma wanda ya zo da zarto me zai yi da makulli?"

"Yaushe ka buɗe na ƙarshe?"

"Juma'a, bayan harbin rana. Komai cif. Gobe ma mai duba kaya daga ma'aikatar ma'adinai zai zo, shi ya sa na shirya komai." Ya juya ga Ummusalma. "Injiniya, kada ki damu da maganar Gyang. Ba wanda zai taɓa ki ina nan."

Yana magana yana duban sama ta wajen gari, inda hadari ya fara haɗuwa.

Da suka bar shi, Ummusalma ta ce a hankali, "Baba, akwai abin da ke damuna. A ɗakin nan akwai sanda fiye da ɗari biyu. Wanda yake son ɓarna kwali zai ɗauka. Takwas da huɗu lissafin aiki ne. Rami huɗu, sanda biyu a kowanne."

Tsohon ya tsaya ya dube ta. "Aikin me?"

"Ban sani ba. Ƙaramin dutse. Irin wanda ke tare hanya, ko tushen gini."

*

Sha ɗaya ta wuce. Matasan bakin get sun ninka, wani ya jefi rufin ofis da dutse. Baba Pwajok ya koma gaban jar ƙofa, ya kwanta rub da ciki kamar yaro, fuskarsa dab da ƙasa. Ya hura, ya tona da farce, ya duba tsagin dokin ƙofa.

"'Yata, in an yanka ƙarfe da zarto me ke zuba?"

"Garin ƙarfe."

"Nemo mini shi."

Ta durƙusa ta duba. Rumfar kwano ta rufe bakin ƙofar, ruwa bai taɓa wurin ba. Babu ko ƙwaya. Jikin ƙofar ma, inda bakin zarto zai goga in an yanka kwaɗo a rataye, fentin lafiya lau yake.

Ya ɗauki kwaɗon da gefen rigarsa ya miƙa mata. "Ni ƙasa na iya karantawa. Ƙarfe naku ne. Me ya ce?"

Ta juya shi a hannu. Yankan a miƙe yake sumul, irin wanda ba a samu sai abu yana daure ba ya motsi. A kumatun kwaɗon biyu akwai tambarin ƙananan haƙora a jere, sun nutse cikin tagullar. A jeri ɗaya, wajen tsakiya, akwai giɓi.

Makonta na farko kaf a wokshop ta yi shi, Oga Ignatius ya sa ta goge guntayen ƙarfe da zarto har tafinta ya yi kanta. Akwai bais a kan tebur, wato maƙalar ƙarfen da ake matse abu a ciki kafin a yanka. Haƙorinsa ɗaya a karye yake. Duk abin da ta matse a ciki da wannan giɓin yake fitowa.

Suka shiga wokshop. Ta sa kwaɗon a bakin bais ɗin ta murɗa a hankali. Haƙora suka zauna cikin tambarinsu ɗaya bayan ɗaya, giɓi a kan giɓi. An share teburin, amma a cikin zaren murɗin akwai sabon garin ƙarfe yana ƙyalli.

"Ba a iya kawo kwaɗo nan sai an buɗe shi," ta ce.

"Da makulli."

"Makulli biyu ne, Baba."

"Biyu ne. Cikin mutum biyun nan, wa ba zai iya riƙe silifar dama ba?"

Ta tuna ranar da aka ba ta takalmin aiki mai ƙarfe a baki, ta ce ya yi mata nauyi. Wani ya zauna a kan durom, ya kwance nasa na dama, ya cire safa, ya nuna mata gurbin babban yatsa. Ya ce dutse ne ya cinye shi tun yana saurayi, don haka ko za ta yi kuka sai ta saka.

Baba Pwajok ya ga fuskarta. "Kin sani," ya ce. "Ba sai kin faɗa ba. Zai faɗa da kansa."

*

Ya sa aka tara su a wokshop: Oga Ignatius, Cletus, Gyang, Malam Shu'aibu. Ya ce a shigo da mutum biyu daga cikin matasan get su zama shaida. Sararin sama ya yi duhu kamar magariba, ko da yake sha biyu da rabi ce.

Ya faɗi abin da ƙasa ta nuna, a taƙaice. Sannan ya ce Ummusalma ta nuna musu kwaɗon. Ta sa shi a bais, ta murɗa, ta ja baya. Matasan suka matso suka leƙa. Ɗayansu, mai aikin walda ne, ya shafa giɓin da yatsa ya ce, "A nan aka yanka shi."

Oga Ignatius ya zaro makullinsa ya ajiye a tebur. "Ni Lahadi ina Makurɗi. Yau da safe na shigo."

"Ba sai an tambayi Makurɗi ba," in ji Baba Pwajok. Ya jefa silifan shuɗi a tsakiyar ɗaki. "Oga, Cletus, kowa ya cire takalmi ya saka waɗannan, ya taka daga nan zuwa ƙofa."

Oga Ignatius ya sunkuya ya fara kwance igiya. Cletus bai motsa ba.

Sai aka yi tsawa, can nesa, ta wajen gari. Cletus ya zabura kamar an tsikare shi, ya je bakin taga ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ummusalma ta ga leɓɓansa suna motsi. Shi ne ya koya mata cewa in aka ga walƙiya, ko rabin rami aka ɗura, a bar wurin a gudu, don ditoneta mai waya tana iya tashi da kanta.

"Oga Cletus," ta ce, "ina suke?"

Ya juyo. Fuskarsa ta zama toka.

"Unguwar Congo-Russia," ya ce. "A cikin rijiya."

Maganar ta zubo masa a jere. Ƙanwarsa Klaudiya, mijinta ya rasu, tana da yara biyar, unguwarsu ba ruwa. Masu haƙa sun kai gaba bakwai suka ci karo da dutse. Ranar Juma'a ya ɗauki sanda takwas, da niyyar ya rufe giɓin a harbin mako mai zuwa. Ranar Asabar ya ɗura rami huɗu, ya harba. Ɗaya ya tashi, ya tsinke wayoyin sauran. Uku suna nan a ɗure. Ya tsaya a bakin rijiyar ya kasa sauka. Ya rufe ta da kwano, ya ce wa Klaudiya kada kowa ya matsa kusa sai hayaƙi ya fita. Ranar Lahadi aka aiko cewa mai duba kaya ya matso da zuwansa zuwa Talata. Shi ya sa ya shirya abin ya yi kama da sata.

"Jiya ruwan bai zo da tsawa ba," ya ce. "Na kwana ina roƙon Allah. Oga, a daure ni daga baya. Yanzu a kai ni can."

*

Gyang ne ya ja akori-kurar kamfani. Baba Pwajok ya tsaya a get ya yi wa matasan magana da yarensu, mai waldan yana gefensa yana gyaɗa kai, suka buɗe hanya. Oga Ignatius ya sake kiran 'yan sanda ya gaya musu inda za su same su.

A cikin mota tsohon ya ce, "Kada wanda ya furta kalmar nakiya a unguwar nan. In ta fita daga baki ɗaya, kafin ta kai kasuwar Terminus ta zama wani abu dabam. Ku ce rijiya za ta rufta, za ta ja katangu."

Gidan Klaudiya yana cikin wani lungu, gidaje a manne da juna, na Kirista da na Musulmi, da shagon tela da na mai cajin batir a baki. Rijiyar tana tsakar gida. A kan kwanon da aka rufe ta da shi an shanya barkono, kaza tana tsattsaga a gefe. Klaudiya ta fito da ludayi a hannu, ta ga fuskar yayanta, ta saki ludayin.

Suka raba lungun. Klaudiya ta bi ɓangare ɗaya, Ummusalma ta bi ɗayan, tana sallama tana shiga. Wata tsohuwa ta ƙi tashi sai ta ƙarasa tankaɗe. Ummusalma ta durƙusa ta ce, "Inna, don girman Allah," ta ɗauki rariyar da kwaryar ta yi gaba, tsohuwar ta biyo ta tana faɗa. Cikin minti goma sha biyar mutane sun taru a bakin babban titi, suna tsaki suna duban hadari.

Aka bar mutum huɗu a tsakar gidan. Gyang da Oga Ignatius suka riƙe igiya. Oga ya ce Ummusalma ta fita, ta ce ba mai riƙe tocila. Ya miƙa mata tocilar. Cletus ya cire agogo da makullin wuyansa, ya yi alamar gicciye, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka.

Ta kwanta a bakin rijiyar ta haska masa. Daga sama ba ta ganin komai sai ƙeyarsa da hannayensa suna aiki a hankali cikin ruwan da ya kai idon sawu. Iska ta taso ta kwashe barkonon. Ɗigon farko ya faɗo mata a wuya. Walƙiya ta haska katanga fari fat, ta fara ƙirga a zuci kamar yadda Cletus ya koya mata, don ta gane nisan tsawar. Ta kai tara kafin tsawar ta iso.

"Ɗaya," in ji Cletus daga ƙasa, ya zare ditoneta ta farko.

Walƙiya ta biyu, ta ƙirga shida. Gyang yana karanta addu'a a fili.

"Biyu."

Na ukun ya ƙi fita. Ta ji yana nishi, yana ce wa dutsen wani abu a hankali kamar mai lallashin dabba. Ruwa ya sauko da ƙarfi, hasken tocila ya zama hazo. Ta goge gilashin da hijabinta ta sake haskawa. Walƙiya. Ɗaya, biyu, uku, sai ƙarar ta girgiza kwanon rufi.

"Ku ja."

Suka ja. Ya fito jiƙe sharkaf, ya rungume jakar buhu a ƙirji da hannun hagu, ya ɗaga na dama nesa da ita, da ƙananan kawuna uku a dunƙule. Oga Ignatius ya karɓe su ya sa a akwatin katako da ya zo da shi, ya rufe. Cletus ya zauna a taɓo ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

*

'Yan sanda sun iso bayan ruwa ya tsagaita. Suka ɗauki akwatin da jakar, suka rubuta sunaye. Mutanen lungu suna komawa gidajensu, wasu suna leƙen rijiyar suna cewa ai ba ta rufta ba, an tashe su a banza. Klaudiya tana tsaye a jikin bango, ta toshe baki da zani.

Kafin a sa Cletus a mota ya nemi ya yi magana da Ummusalma. Ta matso, hijabinta yana ɗiga.

"Injiniya, ki yafe mini. Ban taɓa nufin abin ya zo kanki ba. Maganar littafi Gyang ne ya kawo ta. Da sun kama ki, da na fito na faɗa. Na rantse."

Ta dube shi. Ta yarda da gaske yake, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"Malam Shu'aibu fa?" ta ce. "Shi ma da ka fito?"

Ya dubi Baba Pwajok, tsohon yana goge sandarsa da ciyawa bai ɗago ba. Ɗan sanda ya dafa masa kafaɗa, ya hau bayan mota, ya zauna ya juya musu baya.

Oga Ignatius ya ce Gyang ya kai ta gida. Ta ce a'a, akwai inda za ta fara zuwa. Ta fita bakin titi ta tare ɗan acaɓa, ta ce Abattoir, ya yi sauri, tana so ta riga labari isa wurin ɗan Malam Shu'aibu.